Filifin: Taƙaddama kan taken jawo masu yawon buɗe ido

Sau huɗu cikin shekaru 13, daga 2010 zuwa 2023, ma'aikatar yawon buɗe ido ta ƙasar Filifin ta fitar da sabon take ko sabuwar talla domin jawo baƙi, kuma sau huɗun ana zarginta da ɗauko kayan wata ƙasa.

A karo na farko wani babban jami'i ya yi murabus. A karo na uku da na huɗu an soke yarjejeniya da kamfanonin da suka tsara tallar. Karo na biyu ne kawai taken ya tsallake zargin, har ya shafe fiye da shekaru goma ana amfani da shi.

Muhawarar da 'yan ƙasar ke yi a kan lamarin ta ta'allaƙa ne a kan tambayoyi biyu: shin taken nasu ne na kansu ko kuwa aro ne, sannan shin yana kawo baƙin da ake kashe kuɗi dominsu?

Ƙasar da abin da take sayarwa

Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,600 a kudu maso gabashin Asiya, mai mutane sama da miliyan 110. Sifaniya ta mulke ta fiye da shekaru 300, sannan Amurka ta karɓa har zuwa 1946, abin da ya sa Ingilishi ya zama ɗaya daga cikin harsunan hukuma guda biyu, tare da harshen Filipino.

Abubuwan da take tallatawa sun haɗa da farin yashin gaɓar tsibirin Boracay, da duwatsu da koramun tsibirin Palawan, da dutsen Mayon mai aman wuta, da kuma gonakin shinkafa masu hawa-hawa da aka sassaƙa a jikin tsaunukan arewacin tsibirin Luzon, waɗanda hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihi na duniya a 1995.

Harkar tana da nauyi a tattalin arzikin ƙasar. Hukumar ƙididdiga ta Filifin ta ce a 2019 yawon buɗe ido ya samar da kusan kashi 13 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ta samar a shekarar, kuma mutane fiye da miliyan biyar ne suka ci abinci a cikinta, tun daga ma'aikatan otal har zuwa matuƙa kwale-kwale.

To sai dai maƙwabtanta sun daɗe da yi mata nisa wajen yawan baƙi daga waje. Wannan ne ya sa duk gwamnatin da ta zo takan so ta nuna cewa ita ce za ta cike giɓin, kuma sabon take shi ne abin da ya fi sauƙin nunawa.

Amfanin take

Taken yawon buɗe ido gajeren kirari ne da ƙasa ke yi wa kanta, a liƙa shi a jikin motocin haya da allunan filayen jirgin sama da tallace-tallacen talabijin na ƙasashen waje.

Yawanci ma'aikatar gwamnati kan bai wa kamfanin tsara tallace-tallace kwangilar ƙirƙiro shi, tare da tambarin da zai raka shi da hotuna da fayafayan bidiyo.

Tailan ta fito da "Amazing Thailand" a 1998. Malesiya ta biyo da "Malaysia, Truly Asia" a 1999, wato Malesiya ce Asiya ta haƙiƙa. Indiya kuma ta fito da "Incredible India" a 2002. Dukkansu sun riƙe takensu shekara da shekaru, har sunan ƙasar da kirarin suka zama tamkar abu ɗaya a kunnen matafiya.

A Filifin ma an taɓa samun irin wannan. A 2002, zamanin shugaba Gloria Arroyo, sakataren yawon buɗe ido Richard Gordon ya ƙaddamar da "WOW Philippines". A tsarin ƙasar, sakatare shi ne daidai da minista. Taken ya zauna kusan shekaru takwas, kuma a tsakanin haka yawan baƙi ya tashi daga kimanin miliyan 1.9 zuwa miliyan 3.5 a shekara.

2010: Tambari mai kama da na Polan

A watan Agustan 2010, watanni biyu da hawan shugaba Benigno Aquino mulki, wani ɗan sanda da aka kora daga aiki ya yi garkuwa da wata motar safa ɗauke da 'yan yawon buɗe ido a Manila. Yunƙurin ceto su ya ci tura a idon duniya, kuma mutane takwas 'yan Hong Kong suka rasa rayukansu.

A cikin wannan yanayi ne, a tsakiyar watan Nuwamba, ma'aikatar ta gabatar da sabon take mai suna "Pilipinas Kay Ganda", wanda a harshen Filipino ke nufin Filifin kyakkyawa.

Sukar ta fara tun daga ranar farko. Masu otal-otal da kamfanonin shirya tafiye-tafiye sun yi tambaya ko ta yaya Bajamushe ko ɗan Koriya zai fahimci kalmomin da ba a harshen da ya sani suke ba. Wasu kuma sun ce babu dalilin jefar da tsohon taken da duniya ta riga ta saba da shi.

Abin da ya ƙarasa shi kuwa shi ne tambarinsa. Masu amfani da intanet sun jera shi kusa da tambarin hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar Polan, mai rubutun "Polska", kuma salon haruffan da yadda aka saƙa bishiya a cikinsu sun yi kama ƙwarai.

Kamfanin da ya zana tambarin, Campaigns and Grey, ya ce abin da ya miƙa gwaji ne kawai na share fage, bai kai matsayin da za a nuna wa duniya ba.

Shugaba Aquino ya ba da umarnin a janye taken, sannan mataimakin sakataren ma'aikatar, Vicente Romano, ya ɗauki alhakin abin da ya faru ya ajiye aiki. Duka-duka taken bai cika makonni biyu ba.

2012: Tsohuwar tallar Suwizalan

A 2011 shugaba Aquino ya naɗa Ramon Jimenez, wanda ya shafe rayuwarsa a harkar tallace-tallace, a matsayin sakataren yawon buɗe ido. An san shi da cewa bai kamata tallata Filifin ya fi tallata soyayyiyar kazar kamfanin Jollibee wuya ba, wato abincin da kusan kowane ɗan ƙasar ya sani.

Ranar 6 ga watan Janairun 2012 ya gabatar da taken da kamfanin BBDO Guerrero ya tsara: "It's More Fun in the Philippines", ma'ana an fi samun nishaɗi a Filifin.

Mista Jimenez ya bayyana shi a matsayin amsa mai sauƙi ga tambayar da kowane matafiyi kan yi, ta dalilin da zai sa ya zaɓi Filifin ya bar sauran ƙasashe. A ganinsa, gaɓar teku da tsaunuka akwai su a ko'ina, abin da Filifin ta fi wasu da shi shi ne mutanenta da fara'arsu.

Kafin a kwana, wani ya tono wata tsohuwar talla ta 1951 wadda hukumar yawon buɗe ido ta Suwizalan ta buga. Kalmomin iri ɗaya ne sak, sunan ƙasar kawai ya bambanta.

Ga waɗanda ba su manta da tambarin Polan ba, wannan ya zama maimaicin abin kunya. Sakataren ya ce dacewa ce kawai aka yi, kuma babu ƙasar da ta mallaki kalmar nishaɗi. Ya ƙi janye taken, fadar shugaban ƙasa kuma ta mara masa baya.

Yadda jama'a suka karɓe shi

Abin da ya ceci taken na 2012 shi ne yadda aka tsara shi domin kowa ya iya sa hannu.

Tsarin mai sauƙi ne: hoto ɗaya, kalma ɗaya ko biyu da ke nuna wani aiki na yau da kullum, sai kuma taken a ƙasa. Ɗaya daga cikin tallace-tallacen farko ya nuna gonakin shinkafar nan masu hawa-hawa, aka rubuta cewa hawan bene ya fi daɗi a Filifin.

Cikin 'yan kwanaki, dubban mutane suka shiga haɗa nasu hotunan suna watsawa a Facebook da Twitter, kowa yana tallata garinsu ko abincinsu ko bikin ƙauyensu. Miliyoyin 'yan Filifin da ke aiki a ƙasashen waje, ciki har da Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf, sun taimaka wajen kai su inda kuɗin gwamnati ba zai kai ba.

Masu suka ma da taken suka yi amfani. An ga hotunan ambaliyar ruwa a titunan Manila, da cunkoson motoci, da yara masu tsince-tsince a bola, duk ɗauke da rubutun cewa an fi samun nishaɗi a Filifin.

Wasu na ganin wannan ba'a ta nuna raunin taken, domin yana kiran nishaɗi a ƙasar da miliyoyin mutane ke fama da talauci. Wasu kuwa na ganin alama ce ta ƙarfinsa, tun da ya shiga bakin mutane har ya zama abin da ake yabo da shi, ake kuma zambo da shi.

Gwamnati ta biyo baya da tallace-tallace a tashar CNN da kuma jikin motocin haya na birnin Landan. Batun tallar Suwizalan kuwa sannu a hankali ya bi ruwa.

2017: Makahon baƙo

Bayan da Rodrigo Duterte ya hau mulki a 2016, sabuwar sakatariyar ma'aikatar, Wanda Teo, ta nuna sha'awar sauya taken, abin da mutane da dama suka nuna rashin amincewa da shi.

Ranar 12 ga watan Yunin 2017, ranar bikin 'yancin ƙasar, aka fitar da wata sabuwar talla ta talabijin mai ɗauke da kalmomin "Experience the Philippines". Ta nuna wani dattijo ɗan Japan da ya yi ritaya yana zagaya ƙasar cikin annashuwa. Sai a ƙarshe, da ya zaro sandarsa, mai kallo ke gane cewa makaho ne.

Nan da nan aka tuno cewa hukumar yawon buɗe ido ta Afirka ta Kudu ta yi talla a 2014 mai irin wannan zubi: baƙo yana yawo, a ƙarshe ya bayyana cewa ba ya gani.

Da farko jami'an ma'aikatar sun kare tallar, kamfanin McCann da ya shirya ta kuma ya ce bai yi niyyar kwaikwayon kowa ba. Amma cikin 'yan kwanaki ma'aikatar ta janye ta, ta kuma raba gari da kamfanin.

Tsohon taken ya ci gaba da aiki. Bernadette Romulo-Puyat, wadda ta karɓi ma'aikatar a 2018, ta bar shi yadda yake, illa sabon tambari da aka yi masa a 2019.

2023: Hotunan ƙasashen waje

Ranar 27 ga watan Yunin 2023, a bikin cikar ma'aikatar shekaru 50, sakatariya Christina Frasco ta gabatar da sabon take a gaban shugaba Ferdinand Marcos ƙarami: "Love the Philippines", wato ka ƙaunaci Filifin.

Hujjarta ita ce annobar korona ta sauya matafiya, yanzu suna neman al'adu da tarihi da abinci, kuma Filifin tana da abin bayarwa da ya wuce nishaɗi.

Wasu sun yaba. Wasu sun ce taken ya yi kama da umarni, kuma ba a tilasta wa baƙo ya so wurin da bai taɓa gani ba. Ɗan majalisa mai wakiltar lardin Albay, Joey Salceda, ya koka cewa an bar dutsen Mayon a baya a cikin kayan tallar.

Kwanaki kaɗan bayan haka wata mai rubutu a Facebook ta nuna cewa wasu sassan faifan bidiyon da aka ƙaddamar da taken da shi ba a Filifin aka ɗauke su ba. Sashen tantance labarai na kamfanin dillancin labaran Faransa, AFP, ya tabbatar da hakan.

Gonakin shinkafar da aka nuna na tsibirin Bali ne a Indonesiya. Jirgin saman da aka ga yana sauka a Suwizalan yake. Tuddan yashin kuma na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ne. An samo hotunan ne daga rumbunan intanet da ke sayar wa masu shirya talla gutsattsarin bidiyo.

Abin da ya fi ɓata wa jama'a rai shi ne Filifin tana da nata gonakin masu hawa-hawa da duniya ta sani, tana kuma da tuddan yashi a lardin Ilocos Norte, mahaifar iyalan shugaban ƙasar.

Ranar 2 ga watan Yuli kamfanin DDB Philippines ya nemi gafara, yana mai cewa amfani da irin waɗannan hotuna abu ne da aka saba a sana'ar, amma sanya na ƙasashen waje a tallar Filifin bai dace ba ko kaɗan. Washegari ma'aikatar ta sanar da soke kwangilarsa ta peso miliyan 49, kimanin dala dubu 900, ta kuma ce ba a biya ko sisi daga kuɗin jama'a domin bidiyon ba.

Sanata Nancy Binay, wadda a lokacin ke shugabantar kwamitin yawon buɗe ido na majalisar dattawa, ta ba da shawarar a koma ga tsohon taken. Ma'aikatar ba ta karɓi shawarar ba, ta janye bidiyon ta riƙe taken.

Ra'ayoyi kan batun aro

Waɗannan rigingimu huɗu sun nuna cewa jama'a ba sa yi wa kowane zargin kwaikwayo hukunci iri ɗaya.

Masu kare kamfanonin talla na cewa kalmomin da ake yabon ƙasa da su 'yan kaɗan ne: kyau, mamaki, nishaɗi, ƙauna, zuciya. Ƙasashe kusan 200 da dubban birane na ɗiba daga rijiya ɗaya, saboda haka da wuya a sami jimlar da wani bai taɓa furtawa ba.

A bisa wannan ra'ayi, tallar da aka buga a jaridu shekaru 61 kafin 2012, wadda kusan babu mai tunawa da ita, ba za ta rikita wani matafiyi ba.

Masu suka kuwa na cewa magana ce ta mutunci da kuma amanar kuɗin jama'a. Ƙasar da ta yi suna wajen mawaƙa da masu zane da masu shirya fina-finai, in ji su, bai kamata a riƙa kama ma'aikatarta da kayan aro ba, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Idan aka duba sakamakon kowace rigima, za a ga inda jama'a suka ja layi. Sun yafe kamannin kalmomi a 2012, saboda hotunan da ke ƙarƙashin kalmomin nasu ne, kuma su da kansu suka ɗauka. Ba su yafe a 2023 ba, saboda an nuna wa duniya ƙasar wasu aka ce tasu ce.

Wani ƙorafin da ake maimaitawa shi ne na siyasa. Taken 2010 da yunƙurin 2017 da taken 2023 duk sun biyo bayan sauyin gwamnati ne, abin da ya sa wasu ke ganin kowane sabon shugaban ma'aikata na neman barin sunansa ne, ko da hakan na nufin zubar da sunan da aka yi shekaru ana ginawa.

Abin da alƙaluma suka nuna

Magoya bayan taken 2012 kan kafa hujja da alƙaluman ma'aikatar. A 2011 baƙi miliyan 3.9 ne suka shiga ƙasar. A 2012 suka kai miliyan 4.3, a 2015 suka haura miliyan biyar, a 2019 kuma suka kai miliyan 8.26. Ke nan adadin ya ninka cikin shekaru takwas.

To amma gwamnatin Aquino ta sa wa kanta burin samun baƙi miliyan 10 a 2016, kuma abin da aka samu a shekarar bai kai miliyan shida cif ba.

Haka kuma a wannan tsakanin tafiye-tafiye sun ƙaru a duniya baki ɗaya. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce adadin masu ƙetara iyaka domin ziyara ya haura biliyan ɗaya a karon farko a 2012, ya kuma kai kimanin biliyan ɗaya da rabi a 2019. Jiragen sama masu arha sun yawaita a Asiya, kuma miliyoyin 'yan Chaina sun sami halin fita waje.

Maƙwabta ma sun ci gaba. A 2019 Tailan ta karɓi baƙi kusan miliyan 40, Malesiya miliyan 26, Indonesiya miliyan 16. Biyetnam, wadda takenta bai yi suna kamar na Filifin ba, ta tashi daga miliyan shida a 2011 zuwa miliyan 18.

Akwai bambancin da ake la'akari da shi. Malesiya da Tailan da Biyetnam suna da iyakokin ƙasa, kuma kaso mai yawa na baƙin Malesiya 'yan Singafo ne da ke tsallaka gada. Mai zuwa Filifin kuwa kusan dole ne ya hau jirgin sama.

Bayan annobar korona, wadda ta mayar da adadin ƙasa da dubu 200 a 2021, Filifin ta sami baƙi miliyan 5.45 a 2023 da kusan miliyan 5.95 a 2024, alhali burin ma'aikatar na 2024 miliyan 7.7 ne. A shekarar Biyetnam ta riga ta koma kusa da inda take kafin annobar.

Masu adawa da sabon taken sun ɗora masa laifi. Sai dai babban giɓin daga Chaina ya fito: a 2019 'yan ƙasar fiye da miliyan 1.7 ne suka ziyarci Filifin, a 2024 kuwa ba su kai rabin miliyan ba, a daidai lokacin da ƙasashen biyu ke takun-saƙa kan tekun kudancin Chaina kuma aka tsaurara ba da biza.

Abin da take ba ya iya gyarawa

Da yawa daga cikin masu sharhi a jaridun Manila na cewa gardamar take tana ɗauke hankali daga matsalolin da baƙo ke cin karo da su da zarar ya sauka.

Filin jirgin saman Ninoy Aquino na Manila ya zo na ɗaya a jerin filayen da suka fi muni a duniya a wata ƙuri'ar matafiya ta intanet a 2011 da 2013. A 2015 an yi ta zargin cewa ana jefa harsasai a jakunkunan fasinjoji domin a tatse su. Ranar farko ta 2023 kuma na'urorin kula da zirga-zirgar jirage suka tsaya, aka rufe sararin samaniyar ƙasar na sa'o'i. A watan Satumban 2024 aka miƙa gudanar da filin ga 'yan kasuwa.

A lokacin da ake ƙaddamar da taken 2012, Tarayyar Turai ta haramta wa jiragen Filifin shiga sararinta saboda dalilan kariya. An sanya haramcin a 2010, kuma sai a 2013 aka fara sassauta shi.

Akwai kuma bala'o'i, irin su mahaukaciyar guguwar Haiyan da ta hallaka mutane fiye da 6,000 a watan Nuwamban 2013, makonni kaɗan bayan girgizar ƙasa a tsibirin Bohol.

Batun tsaro a kudanci, inda mafi yawan Musulmin ƙasar ke zaune, shi ma ya daɗe yana shafar harkar. Ƙungiyar Abu Sayyaf ta sace mutane 20 daga wani wurin shaƙatawa a Palawan a 2001. A 2015 an sace baƙi daga tsibirin Samal, aka kashe 'yan Kanada biyu daga cikinsu a shekarar da ta biyo baya. A 2017 an shafe watanni biyar ana gwabza faɗa a birnin Marawi.

Gargaɗin da gwamnatocin Yammacin duniya ke yi wa 'yan ƙasashensu ya sa baƙi ƙalilan ne ke isa wurare irin su tsibirin Simunul na lardin Tawi-Tawi, inda masallacin Sheikh Karimul Makhdum yake, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1380, ake kuma ɗaukarsa masallaci mafi daɗewa a ƙasar. An kafa yankin Bangsamoro mai ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a 2019, kuma daga baya ma'aikatar ta shiga neman baƙi Musulmi ta hanyar ƙarfafa samar da abincin halal da wuraren sallah a otal-otal.

Yawan baƙi ma kan zama matsala. A 2018 shugaba Duterte ya rufe Boracay na tsawon watanni shida, bayan da ya kwatanta tsibirin da masai saboda ƙazantar da otal-otal ke zubarwa a teku.

Ba Filifin kaɗai ba

A 2006 Ostireliya ta kashe dalarta miliyan 180 a kan wata talla da takenta ya ƙunshi kalmar ashar. An dakatar da nuna ta a talabijin na Birtaniya na ɗan lokaci, kuma duk da sunan da ta yi, an watsar da ita a 2008.

Niyu Zilan kuwa ta riƙe "100% Pure New Zealand" tun 1999, amma masu fafutukar kare muhalli na ƙasar sun sha cewa gurɓacewar koguna daga gonakin kiwon shanu ta ƙaryata iƙirarin tsabtar.

A Najeriya, gwamnatin Olusegun Obasanjo ta yi shirin gyara sunan ƙasa mai taken "Heart of Africa", wato zuciyar Afirka, inda masu suka suka lura cewa Malawi ta daɗe tana yi wa kanta kirari da kusan waɗannan kalmomi. A watan Maris na 2009 ministar yaɗa labarai Dora Akunyili ta maye gurbinsa da "Good People, Great Nation", mutanen kirki, ƙasa mai girma. Martanin 'yan Najeriya da dama shi ne a fara gyara wutar lantarki da hanyoyi da tsaro tukuna.

Inda aka kwana

Ma'aikatar yawon buɗe ido ta Filifin ta ci gaba da amfani da "Love the Philippines" a shekarun da suka biyo bayan rigimar 2023, kuma kiraye-kirayen a dawo da tsohon taken kan taso duk lokacin da aka fitar da alƙaluman baƙi da ba su kai buri ba.

Ramon Jimenez, wanda ya tsaya kai da fata a kan taken 2012, ya rasu a watan Afrilun 2020, lokacin da iyakokin ƙasar ke rufe saboda annoba.

Taken nasa ya yi aiki a ƙarƙashin shugabannin ƙasa uku, tsawon shekaru 11 da rabi. Shi ne mafi daɗewa a cikin takunan da aka ambata na ƙasar, kuma shi ne wanda kalmominsa suka fi kowanne kama da na wata ƙasa.